Kai Yara Wurin Wasan Ruwa: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani Kafin Su Bar Gida

Duk shekara, idan zafin Maris da Afrilu ya kankama a Kaduna, ko aka shiga hutun Sallah, Ista ko Kirsimeti, iyalai da dama daga Mahuta, Kamazou, Unguwar Boro da Sabon Tasha kan kwashi yara su nufi wuraren wasan ruwa. Wasu su bi titin Yakowa su tsallaka kogi zuwa wuraren shaƙatawa na cikin gari irin su Ƙofar Gamji, wasu su tsaya a otal-otal da lambunan kusa da gida masu kwamin ninƙaya. Fita ce mai amfani: yaro ya motsa jiki, ya saba da ruwa, ya yi barci mai nauyi da daddare. Ba mu rubuta wannan bayani don mu hana ku zuwa ba. Mun rubuta shi ne don ku tafi da yaranku ku dawo da su lafiya.

Na taɓa karɓar wani yaro ɗan shekara uku a sashen gaggawa, an ɗauko shi daga wurin bikin zagayowar ranar haihuwar ɗan maƙwabcinsu. Ruwan da ya faɗa bai kai gwiwar babban mutum ba, kuma manya sun fi goma a bakin wurin, wasu na raba abinci, wasu na ɗaukar hoto. Mahaifiyarsa tana ta maimaita magana ɗaya: "Likita, duk muna wurin fa. Ko kukansa ban ji ba." Gaskiya ta faɗa, ba za ta ji ba. Yaron ya rayu ne saboda wani matashi da ke wurin ya san yadda ake hura wa mutum numfashi, ya kuma fara nan take bai jira mota ba.

Me ya sa ruwa ya fi cin ƙananan yara?

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamba na 2024 ya ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kuma yankin Afirka ne ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Girman matsalar ne ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya, tun daga 2021, ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa.

Dalilin yana cikin halittar yaron. Kan yaro ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu yana da nauyi idan aka kwatanta da sauran jikinsa, shi ya sa idan ya sunkuya kan ne ke rinjayarsa. Idan fuskarsa ta shiga ruwa, sau da yawa ba ya iya tunanin ya dafa ƙasa ya ɗago, ko da ruwan bai wuce santimita 5 ba, wato kaurin yatsu uku. Huhunsa ƙarami ne, iskar da ke ciki ba ta daɗewa. Ga shi ba ya tsoron ruwa, kuma ya fi yadda kuke zato sauri.

Cikin minti 2 ko ƙasa da haka yaro na iya suma a ƙarƙashin ruwa. Idan ƙwaƙwalwa ta yi minti 4 zuwa 6 ba iska, tana fara samun illar da ba ta gyaruwa. Lokacin da za ku ɗauka ku amsa waya, ko ku je mota ku ɗauko tawul, ya isa.

Wanda yake nutsewa ba ya ihu

Abin da muke gani a fim, mutum na ɗaga hannu yana kiran a taimake shi, ba haka abin yake ba. Mai nutsewa yana fafutukar shaƙar iska ne, ba shi da numfashin da zai yi magana da shi. Babba kan yi daƙiƙa 20 zuwa 60 yana wannan fama kafin ya yi ƙasa, ƙaramin yaro kuwa wani lokaci sulalewa kawai yake yi.

Ku lura da waɗannan alamomi:

- kai ya ja baya, baki a buɗe daidai saman ruwa
- jiki a tsaye cikin ruwa, ƙafafu ba sa bugawa
- hannaye na danna ruwa ƙasa, kamar mai hawan tsani
- idanu a rufe, ko a buɗe amma ba sa kallon komai
- gashi ya rufe fuska, yaron bai kawar da shi ba
- yaro ya kifa ciki a kan ruwa ya yi shiru

Yara masu wasa a ruwa hayaniya suke yi. Idan yaronku ya yi tsit, ku je ku taɓa shi. Idan kuma kuka neme shi kuka rasa, ruwa za ku fara dubawa, kafin banɗaki, kafin wurin ajiye motoci.

Kafin ku bar gida

Akwai yaran da bai kamata su shiga ruwan jama'a ba a ranar. Yaron da ke gudawa ko amai, ko yana zazzaɓi, ko yana ciwon idon nan da ake kira Apolo, ko kunnensa na fitar da ruwa ko mugunya, ko yana da buɗaɗɗen rauni ko ƙurajen da ke tsatsafo da ruwa, a bar shi a gida, ko ya zauna a inuwa. Idan gwaji ya nuna gudawar ta ƙwayar Kirifto ce, wadda za mu yi bayaninta a ƙasa, sai an yi mako 2 da tsayawarta kafin ya koma ruwa.

Akwai kuma yaran da za su iya zuwa, amma da shiri na musamman.

*Mai cutar sikila.* Nijeriya ce ƙasar da aka fi haihuwar yara masu sikila a duniya, don haka da wuya a tara yara ashirin na dangi da maƙwabta ba a samu gidan da abin ya shafa ba. Sanyin ruwa, da iskar da ke bugun jiƙaƙƙen jiki, da ƙarancin ruwa a jiki, da gajiya, duk suna tayar da ciwon ƙashi. Kada ya daɗe a ciki. Da ya fito a goge masa jiki a sauya masa busassun kaya, a riƙa ba shi ruwan sha ko bai nema ba. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ruwan kwami kan yi sanyi sosai ko da rana ta take, gara a haƙura. Idan ya fara kukan ciwon ƙashi, ciwon ƙirji, ko zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti za a nufa.

*Mai farfaɗiya.* Haɗarin nutsewa ya ninka sau da yawa ga mai farfaɗiya. Ku fara tuntuɓar likitansa. Idan ya amince, a tabbatar yaron ya sha maganinsa, ya yi isasshen barci, kuma babba ɗaya yana tare da shi a cikin ruwa, ba shi da wani aiki sai shi. Ku sanar da masu kula da wurin, ba abin kunya ba ne. Idan ta tashi a cikin ruwa, a tallafe kansa fuskarsa na sama har jijjigar ta lafa, sannan a fito da shi a kai shi asibiti. Kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki.

*Mai asma.* Ninƙaya tana yi wa masu asma kyau, amma warin sinadari mai ƙarfi kan tayar wa wasu. Abin shaƙarsa ya kasance a jakar da ke hannunku, ba a mota ba.

*Zabiya.* Fatarsa na ƙonewa cikin ɗan lokaci, kuma ƙunar rana da ke maimaituwa ce ke kai wa ga sankarar fata daga baya. A shafa masa man kariya daga rana mai lamba 30 zuwa sama, a maimaita duk awa 2 da kuma duk lokacin da ya fito daga ruwa. A sa masa riga mai dogon hannu da malafa.

*Jariri ƙasa da wata 6.* Wurinsa inuwa ne. Jikinsa bai iya daidaita zafi da sanyi ba tukuna. Nono ya ishe shi ko da ana zafi, sai dai a ƙara yawan shayarwa.

Kafin ku shiga mota ku ƙirga manya, ku ƙirga yara. Idan kuna da yara uku 'yan ƙasa da shekara 5 kuma babba ɗaya ne, ba a shirya ba. Ko a ƙara babba, ko yaran su riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya.

Da isarku, ku duba wurin kafin yara su tuɓe

Minti biyar sun isa. Ku tsaya a bakin ruwan ta wajen da ya fi zurfi: kuna iya ganin ƙasansa sarai? Idan ruwan ya yi duhu, ko kore, ko fari-fari kamar ruwan wanki, kada yaro ya shiga. Irin wannan ruwa ba a kula da shi yadda ya kamata, kuma idan yaro ya kwanta a ƙasansa ba mai ganinsa. Ku shafa bangon kwamin, bai kamata ya yi yauƙi ba.

Ku tambaya ko akwai mai ceto, ku gan shi da idonku. Yana kallon ruwa ne, ko shi ne kuma ke karɓar kuɗin shiga? Akwai dogon sanda da ƙawanyar ceto a kusa? An rubuta zurfin ruwa? Akwai igiya ko katanga tsakanin ɓangaren yara da na manya? Ku dubi murfin ramin da ke zuƙe ruwa a ƙasa ko a bango. Idan ya fashe ko babu shi, ƙarfin zuƙar na iya riƙe gashi, tufafi ko hannun yaro. Idan kun ga wayar lantarki a fili kusa da ruwa, ko wani ya ce yana jin ruwan na ɗan jansa, kowa ya fita, a kashe wuta.

Tambaya ta ƙarshe ita ce yaushe aka auna sinadarin kulorin. Wurin da ake kula da shi yana aunawa kullum, kuma ma'aikatansa ba sa jin haushin tambayar. Mutane da yawa na ɗauka ƙarfin warin sinadari alamar tsabta ce. Akasin haka ne. Wannan warin mai shiga ido yana fitowa ne idan kulorin ya haɗu da fitsari, gumi da dattin jiki, kuma duk kulorin da ya tafi a haka ya rage wanda zai kashe ƙwayoyin cuta.

Dokar nisan hannu

Ga yaro ɗan ƙasa da shekara 5, da duk yaron da bai iya ninƙaya ba, doka ɗaya ce: babba ya kasance inda zai miƙa hannu ya taɓa shi. Kallo daga kan kujera bai wadatar ba. Haka abin yake ko a ɓangaren yara ne, ko akwai mai ceto, domin mai ceto mutum ɗaya ne a kan yara hamsin.

Inda aka fi samun matsala shi ne taron dangi, kowa na zaton wani na kallo. Maganin wannan shi ne a naɗa mai gadi, a kira sunansa kowa ya ji. A ba shi wata alama, hula ko ɗankwali, ya riƙe na minti 15, ba waya, ba hira, ba cin abinci, ba giya. Idan lokacinsa ya cika ya miƙa alamar hannu da hannu ga na gaba. Ko banɗaki zai shiga, sai ya miƙa.

Kada ku ɗora wannan nauyi a kan yayarsu 'yar shekara tara ko goma. A gidajenmu mun saba babbar ɗiya ita ke rainon ƙanne, amma ruwa daban ne. Ita ma yarinya ce, wasa zai ɗauke mata hankali, kuma idan ƙanenta ya ruƙunƙume ta a ruwa, su biyun ne za su yi ƙasa.

Robobin da ake hurawa a sa wa yaro a damtse, da tayar roba mai siffar agwagwa, kayan wasa ne. Suna sacewa, suna zamewa, taya kuma na iya kifar da yaro kansa a ƙasa ƙafafu a sama. Abin da ke kariya shi ne rigar ceto ta gaskiya, daidai nauyin yaron, mai ɗamara da ke bi ta tsakanin cinyoyi. Ku gwada ta: ku kama kafaɗun rigar ku ɗaga, idan ta haura ta rufe masa haɓa ko kunne, ta yi masa yawa. Ko da rigar ceto, dokar nisan hannu tana nan.

Tufafi ma abin dubawa ne. Dogon hijabi, zane, jallabiya ko wandon jins suna yin nauyi idan sun jiƙe, suna naɗe ƙafa ko rufe fuska. Akwai kayan ninƙaya masu rufe jiki gaba ɗaya waɗanda ba sa shan ruwa, su ya kamata a nema wa yara mata da iyaye mata masu shiga ruwa. A ɗaure dogon kitso. Ku zaɓi kaya masu launi mai haske, kamar ruwan lemo ko ja, domin shuɗi da fari sajewa suke yi da ruwa.

A magangarar sulu, a bi ƙa'idar tsawo da aka rubuta, a sauko ƙafa a gaba, mutum ɗaya a lokaci ɗaya, kuma babba ya jira a ƙasa. A hana gudu a kan jiƙaƙƙen tayil, a hana turereniya da danna kan wani cikin ruwa da sunan wasa. Alkafura da kai a ruwa marar zurfi na iya karya wuya, mutum ya shanye har ƙarshen rayuwarsa.

Cututtukan da ruwa ke ɗauka

Kulorin yana kashe yawancin ƙwayoyin cuta cikin mintoci, amma ba duka ba. Akwai wata ƙwaya da likitoci ke kira Cryptosporidium, a taƙaice Kirifto, mai kauri a jiki, wadda ke iya rayuwa fiye da mako guda a ruwan da aka zuba wa kulorin daidai ƙa'ida. Tana fitowa ne daga bayan gidan mai ɗauke da ita. Yaro ɗaya mai gudawa ya isa ya gurɓata kwami guda, kuma kurɓa ɗaya ta isa ta sa wa wani cutar. Wuraren da ruwa ke fesowa daga ƙasa yara na bi ta ciki ma ba su tsira ba, domin sau da yawa ruwan da ya wanke jikin yara ne injin ke sake fesowa.

Abin da ke hannunku shi ne:

- ku yi wa yara wanka da sabulu kafin su shiga, musamman mazaunai
- ku fitar da su zuwa banɗaki duk bayan awa ɗaya
- ku riƙa duba famfas, ku sauya shi a banɗaki, ba a bakin ruwa ba, sannan ku wanke hannu. Famfas ɗin ninƙaya yana riƙe bayan gida mai tauri na ɗan lokaci ne kawai, ba ya riƙe gudawa
- ku koya musu kada su sha ruwan, kada su cika baki su fesa
- idan kun ga bayan gida a ruwa, ku fitar da yaranku ku sanar da ma'aikata

Gudawar Kirifto takan fara ne kwana 2 zuwa 10 bayan an sha ruwan, ruwa-ruwa ce, kuma tana iya ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu. Filajil da ake saurin saya a kemis ba ya kashe ta. Abin da ke ceton yaro shi ne mayar masa da ruwan da ya rasa. A ba shi ORS na leda. Idan babu, a haɗa lita 1 ta tsabtataccen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe kan cokalin kada a yi tozo. A haɗa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da nono da abinci. Kada a ba ƙaramin yaro maganin tsayar da gudawa.

Kunne, ido da fata

Idan ruwa ya kwana a kunne, fatar ramin kunnen tana laushi, ƙwayoyin cuta su samu shiga. Alamarsa ƙaiƙayi ne, sannan zafi idan an ja kunnen ko an danna gabansa. Bayan wanka a karkata kan yaro kowane gefe ruwan ya fita, a goge wajen kunnen da tawul. Kada a tura tsinken auduga, ashana ko gashin kaza, kada a ɗiga manja, man zaitun ko ruwan ganye. Idan zafi ya fara, a kai shi a duba dodon kunnen kafin a ɗiga kowane magani.

Jan idon da sinadari ya jawo yakan wuce cikin 'yan awoyi idan an wanke da ruwa mai tsabta. Idan ido ya wayi gari da kwantsa, ya kumbura, ko yaro na gudun haske, a ga likita. Kada a ɗiga nono, ruwan sukari ko fitsari. A yi wa yara wanka da sabulu bayan sun fito, a shafa musu mai, a cire jiƙaƙƙun kaya da wuri.

Rana, ƙishirwa da hadari

Yaron da ke cikin ruwa yana gumi, sai dai ba a gani, shi ma ba ya jin ƙishi sai ya galabaita. Ku fito da shi duk bayan minti 30 zuwa 45 ya sha ruwa ya huta a inuwa. Lemon kwalba ba ya maye gurbin ruwa. A lokacin bazara ku je da safe ko bayan la'asar, ku kauce wa tsakar rana. Siminti da tayil kan yi zafin da zai ƙona tafin ƙafar yaro, ku sa masa silifas. Idan ya fara karkarwa ko leɓɓansa sun sauya launi, sanyi ya kama shi, a fito da shi a lulluɓe shi. Kada a bar yaro a rufaffiyar mota ko na minti ɗaya.

Maganar cewa sai an jira awa ɗaya bayan cin abinci kafin a shiga ruwa ba ta da tushe a likitance. Abin da za a hana shi ne ci ko tauna cingam a cikin ruwa, saboda shaƙewa. Shinkafa, salak da naman da suka wuni a rana su ma kan jawo amai da gudawa, ku riƙe su a kula mai ƙanƙara ko a ci da wuri.

Da damina hadarin Kaduna kan haɗu cikin ɗan lokaci. Da kun ji tsawa, kowa ya fita daga ruwa ya shiga gini ko mota, ba gindin bishiya ba. A jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe kafin a koma.

Idan yaro ya nutse

Abin da ke kashe mai nutsewa rashin iska ne, don haka numfashi ne abu na farko. Wanda ke kusa da yaron a mintocin farko shi ne likitansa.

1. Ku yi ihu a kawo ɗauki, ku fito da shi. Idan ruwan ya fi ƙarfinku kuma ba ku iya ninƙaya ba, kada ku faɗa. Ku miƙa sanda, ko ku jefa ƙawanyar ceto ko jarkar da ba komai a ciki mai murfi.
2. Ku nuna mutum ɗaya ku ce ya kira 112, wani kuma ya kawo mota.
3. Ku kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri. Ku kira sunansa, ku dubi ƙirjinsa na daƙiƙa 10. Shessheƙa jefi-jefi ba numfashi ba ce.
4. Idan ba ya numfashi, ku ɗan tura goshinsa baya ku ɗaga haɓarsa. Ku toshe hancinsa, ku rufe bakinsa da naku, ku hura sau 5, kowace hurawa daƙiƙa ɗaya, kuna ganin ƙirji na tashi. Ga jariri ƙasa da shekara 1, kai ya tsaya daidai ba a lanƙwasa shi baya ba, bakinku ya rufe hancinsa da bakinsa tare, hurawar kuma kaɗan ce.
5. Idan bai motsa ba, ku danna tsakiyar ƙirji sau 30, da sauri, kamar sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin ya kai kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjin. Ga yaro a yi da gindin tafin hannu ɗaya, ga jariri da manyan yatsu biyu.
6. Ku ci gaba: hurawa 2, dannawa 30, har ya fara numfashi ko ma'aikacin lafiya ya karɓa. A cikin mota ma kada a tsaya.
7. Idan ya yi amai, ku juya shi gefe ku share bakin, ku mayar da shi ku ci gaba. Kumfa kuwa kada ta tsayar da ku.
8. Idan yana numfashi, ku kwantar da shi a gefensa, ku cire jiƙaƙƙun kaya, ku lulluɓe shi.

Kada a riƙe ƙafafunsa a zazzage shi, kada a danna cikinsa don a fitar da ruwa, kada a jujjuya shi a kan turmi ko ganga. Ruwan da ke fitowa ta haka daga tumbi yake, ba daga huhu ba, kuma yana iya komawa huhun. Kada a ɗura masa manja, madara ko gishiri. Duk wannan cin lokacin numfashi ne.

Tun kafin ku fita ku san asibitin da za ku nufa. A kudancin kogi akwai Babban Asibitin Sabon Tasha, da Asibitin Gwamna Awan da na St. Gerard a Kakuri. Idan kuna cikin gari, akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Mafi kusa shi ne mafi kyau.

Bayan kun dawo gida

Duk yaron da ya suma a ruwa, ko aka hura masa numfashi, ko tarinsa ya ƙi tsayawa, sai an kai shi asibiti ko da ya miƙe yana wasa. Ruwa kaɗan da ya shiga huhu na iya sa huhun ya kumbura a hankali, kuma alamun sukan bayyana cikin awa 8 na farko. Wanda ya ɗan ƙware, ya yi tari na minti ɗaya ko biyu ya koma daidai, ana iya lura da shi a gida. A garzaya asibiti idan an ga:

- numfashi da sauri ko da ƙyar, haƙarƙari na shiga ciki
- tari da ke ƙaruwa, ko kumfa a baki
- leɓe ko harshe ya yi toka-toka ko shuɗi
- barcin da ya wuce gajiya, ko ruɗewa
- amai a kai a kai, ko ciwon kai mai tsanani bayan faɗuwa

A kwanakin da ke biye kuma, a kai shi idan ya yi zazzaɓi da tari, ko gudawa da jini, ko ya ƙi shan komai, idanunsa sun faɗa, fitsari ya ragu. Ku gaya wa likita cewa yaron ya shiga ruwa, da ranar da ya shiga.

Kogi da kududdufi ba madadin kwami ba ne

Idan kuɗin shiga ya yi tsada, yara kan sulale zuwa Kogin Kaduna, rafuffukan bayan unguwa, ko ramukan da aka haƙi ƙasa suka tara ruwa. Nan haɗarin ya fi yawa. Ba a ganin ƙasa, masu ɗibar yashi sun bar ramuka masu zurfi, kuma a Agusta da Satumba kogin kan cika ya yi ƙarfin da ko gwani ba ya ja da shi.

Ga kuma tsargiya. Tsutsar da ke kawo ta tana girma ne a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwan daɗi, ta fito ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji ba. Bayan wata biyu zuwa uku ko fiye, sai a ga jini a ƙarshen fitsari. Wannan ba alamar balaga ba ce, kamar yadda wasu ke ɗauka ga yara maza. Idan aka bar ta tana jawo ƙarancin jini, ta lalata mafitsara da ƙoda, ta taɓa mahaifa da al'aurar mata, har ta kai ga sankarar mafitsara. Ana gano ta da gwajin fitsari, ana maganinta da praziquantel gwargwadon nauyin yaro. Kwamin da ake zuba wa kulorin yadda ya kamata ba ya yaɗa ta.

Abu biyu da za ku yi a wannan hutun

Na farko, ku sa yaranku su koyi ninƙaya a hannun wanda ya iya koyarwa, mata da maza. Yawancin yara sun isa koyo sosai daga shekara 4, wasu ma ana fara saba musu da ruwa tun bayan shekara 1 tare da iyayensu. Iya ninƙaya yana rage haɗari ƙwarai, amma ba ya ɗauke muku kallo. Na biyu, aƙalla babba ɗaya a gidan ya koyi hura numfashi da danna ƙirji a aikace. Ku tambaya a asibitin da kuke zuwa ko a ofishin Red Cross, darasin 'yan awoyi ne.

Idan kun dawo gida kuma, ku zagaya tsakar gidanku da idon da kuka duba kwamin. Yawancin ƙananan yaran da ruwa ke ci, a gida ko kusa da gida abin ke faruwa: bokitin wanki da aka bari da ruwa, baho, duron tara ruwan sama, rijiya marar murfi, tankin ƙasa, sokawen da bakinsa ya rufta. Ku zubar da ruwan bokiti ku kife shi da an gama aiki, ku yi wa rijiya da duro murfi mai nauyi ko mai kwaɗo, kuma kada a bar jariri a baho da yayansa don a je a duba tukunya.